Ƙishin-ƙishin da ya tuɓe Sarkin Damagaram

Duk wanda ya tashi daga Matamaye ya yi kudu, ba ya daɗewa sai ya ga shingen Ɗan Barto. In ya tsallaka, sai Kwangwalam, sai Daura, sai Kano. In kuwa arewa ya dosa, zai ratsa Kance ya faɗa babbar hanya a Takeita, daga nan ya karya gabas zuwa birnin Damagaram. Yau kwalta ce shimfiɗe. A farkon ƙarni na 20 turbobi ne na jakuna da takarkarai da raƙuma, kuma ƙasar Kance, wadda Matamaye ke cikinta, tana bin Sarkin Damagaram, tana kai masa gaisuwa. Fatake na gangarawa da kanwa da gishiri da fatu, su hauro da turkuɗi da goro. Akwai kuma wani kaya da kowane ayari ke tafe da shi, wanda ba a zuba shi a mangala, ba a biya masa kuɗin fito, shi ne labari. A zango ake sauke shi da dare, a bakin rijiya ake rarraba shi da safe, kafin azahar ya shiga kowane zaure.

Bahaushe bai haɗa irin wannan kaya cikin suna ɗaya ba. Akwai ƙishin-ƙishin, wanda ake ji sama-sama, ba a san bakin da ya fito ba. Akwai raɗe-raɗi, da ake yi da murya ƙasa-ƙasa. In ya game gari ya zama jita-jita, kowa na cewa an ce. Waɗannan duka iska ce, takan kaɗa ta wuce. Mai kisa shi ne annamimanci, wato a tsinci maganar da ke yawo a kasuwa, a gyara mata fuska, a liƙa mata sunan wani, a kai ta kunnen mai iko. Ƙananan garuruwa sun san abin sarai. Kowanne yana da gidan da ake nunawa da baki, da maƙwabcin da in akuya ta ɓata shi ake fara tunawa. Yawanci abin yakan tsaya ga harara da ƙin cin tuwon gidansa. Amma a watan Maris na 1906 irin wannan magana ta tuɓe Sarkin Damagaram, ta raba babban attajirin ƙasar da gidansa, ta kuma sauya yadda ake mulkin garuruwa irin su Kance.

Ba wannan ne karon farko da zato ya yi ɓarna a birnin ba, kuma fadar ce da kanta ta fara cin wani da shi. A watan Afrilu na 1898 wani hafsan Faransa, Kyaftin Cazemajou, ya iso Damagaram da tafintansa Olive da ƴan tsirarun sojoji baƙar fata. Sarki a lokacin Ahmadu Kuran Daga ne, ɗan Tanimu, jarumin da ya hana ƙasar Kano barci zamanin Sarki Alu. Aka sauki baƙon, aka yi ta gaisawa da musayar kyauta har makonni. Sai magana ta fara zagayawa cewa Nasaran nan gabas za shi, wurin Rabe, da bindigoginsa. Wanda bai san halin da ake ciki ba zai ɗauka ƙaramar magana ce. Rabe ya ci Barno a 1893, ya ƙone Kukawa, ya zauna Dikwa, Damagaram kuwa, wadda ta daɗe tana kai wa Barno gaisuwa, tana ganin ita ce a gaba. Ran 5 ga Mayu aka kira Cazemajou da Olive cikin Birni, aka kashe su, aka jefa gawarwakinsu a rijiya. Abin lura shi ne zaton nan yana da ƙafa. Lalle gabas mutumin ya nufa, wajen Tafkin Cadi, kuma saduwa da Rabe na cikin aikin da aka aiko shi. Abin da jita-jita ta ƙara shi ne niyya, cewa zai juyo da Rabe a kan Damagaram. Ita kuwa niyya ba a ganinta da ido, sai dai a zata. Haka jita-jita mai ƙarfi take aiki ko'ina: takan ɗauko abin da kowa ya gani, ta ɗora masa dalilin da babu wanda zai iya ƙaryatawa.

Bashin jinin bai daɗe ba aka zo biɗarsa. A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ratso ƙasar Hausa daga yamma tana ƙone garuruwa. Shugabannin biyu sojojinsu ne suka harbe su a watan Yuli a ƙasar Tasawa, amma ragowar rundunar, ƙarƙashin Laftanan Pallier, ta ci gaba, ta karya dakarun Damagaram a Tirmini a ƙarshen watan, ta shiga birni. Aka bi Kuran Daga aka kashe shi a Rumji a watan Satumba. Faransawa suka naɗa ƙanensa, Ahmadu ɗan Bassa, wanda a lokacin matashi ne. Da wuya a sami rawanin da ya fi wannan nauyi. A idon ƴan'uwansa ƴaƴan sarki da tsofaffin masu sarauta, sarkin Nasara ne, bindiga ta ɗora shi. A idon Nasara kuma ƙanen wanda ya kashe Cazemajou ne. Don kada a manta, sunan Cazemajou suka raɗa wa barikinsu, ya zamana duk takardar da ta fita daga Damagaram zuwa yamma tana ɗauke da tunin kisan.

Ya kamata mai karatu ya ga yadda garin yake a zaune, don rabin labarin yana nan. Akwai Birni, cikin ganuwar da Tanimu ya ƙarfafa, inda fada take da masallaci da gidajen sarauta da manyan malamai. Akwai Zango a arewa da shi, unguwar fatake da Buzaye da Larabawan Tarabulus da Gadamas, inda kuɗi suke. Sai na uku, sabon zuwa, bariki a kan duwatsu, yana leƙen su duka biyu. Maƙwabta uku ke nan, kowanne yana jin kiɗan ɗan'uwansa da dare, babu wanda ya san abin da ake faɗa a zauren wani. Turawan da ke barikin ƴan kaɗan ne ƙwarai. Ƙarfinsu sojojin da ake kira ƴan Sanagal ne, ko da yake da yawansu Bambara ne, baƙi su ma. Yamai kuwa tafiyar makonni ce ta hanyar da rijiyoyinta ba su da tabbas. Hatsin da za su ci, da raƙuman da za su hau, da labarin abin da ke gudana bayan katangarsu, duka sai ta hannun mutanen gari.

A cikin mutanen garin babu wanda suka dogara da shi kamar Malam Yaro. Shi ne babban attajirin Zango, mai wakilai daga Kano har Gat da Tarabulus, mai fitar da gashin jimina da fatu da hauren giwa, mai shigo da yadi da takarda da sukari. Da Faransawa suka iso, bai gudu ba. Ya karɓe su, ya ba su gidansa na kan duwatsu wanda ya zama tushen barikin, ya ba ayarin Foureau da Lamy, wanda ya sauko daga hamada a watan Nuwamba na 1899, kaya bashi lokacin da suka iso a tsiyace. Ɗan kasuwa ne, lissafin ɗan kasuwa ya yi: hanyar hamada tana bukatar mai tsaronta, ko wane ne shi. Sai dai duk abin da ya sa ya zama mai amfani, shi ne kuma ya sa ya zama abin zargi. Mutum ne mai karɓar wasiƙu da Larabci daga garuruwan da Nasara bai taɓa gani ba. Hanyar kasuwancinsa ta ratsa ƙasashen da Sanusiyya ke da ƙarfi, ita kuwa Sanusiyya ita ce dodon hafsoshin Faransa a wancan zamani, suna ganin hannunta a duk inda ganye ya motsa. Yana shiga fada, yana shiga bariki, yana da abokan ciniki a Kano, ƙasar Ingilishi. A Birni ana iya cewa ya sayar da gari, a bariki ana iya cewa ɗan leƙen asirin gari ne, kuma duk mai faɗin ɗaya daga cikin biyun yana da abin nunawa. Ga shi kuma ana bin mutane da yawa bashi a madadinsa, wanda ake bi bashi kuwa ba ya cika baƙin ciki in mai binsa ya yi tafiyar da ba dawowa.

Na biyu a irin wannan matsayi shi ne tafinta, Ali Diallo, wanda ba ɗan ƙasar ba ne, aikin Nasara ya kawo shi. Yau da kowane ɗan lakwal ke jin Faransanci, da wuya a gane girman tafinta a shekarun farko na mulkin mallaka. Shi ne kunnen kwamanda, shi ne bakinsa. Ƙarar talaka sai ta bi ta harshensa, umurnin bariki sai ya bi ta harshensa, in ya so ya rage, in ya so ya ƙara, babu mai kama shi. Saboda haka masu neman biyan bukata sukan fara da gidansa kafin su je ofis, ya tara dukiya da mutane, ya tara maƙiya daidai da su. Hafsoshin da yake wa aiki sun san ba su da yadda za su auna gaskiyarsa, kuma mutum ba ya yafe wa wanda ya san sirrin rauninsa. In aka ga tafinta ya saba da sarki, yana shiga fada ba da rakiyar kowa ba, ai an sami abin da kowa ya gani. Saura a ɗora masa dalili.

Dalilin daga waje ya zo. A watan Disamba na 1905 wani makahon malami, Alfa Saibu, ya tayar da mutanen Kobkitanda a ƙasar Dosso, suka ƙi biyan haraji, suka ƙi bin Nasara da sarakunan da ke bin sa. A watan Janairu na 1906 Umaru na Karma ya tashi a bakin Kwara, kusa da Yamai kanta. Faransawa suka murƙushe su, amma malamin ya tsere ya tsallaka ƙasar Ingilishi, ya faɗa Satiru, wani ƙauye kudu da Sakkwato. A can, ran 14 ga Fabrairu, talakawa masu gatura da fartanyu suka auka wa rundunar Ingilishi, suka kashe Turawa 3 da sojoji 25, suka ƙwace babbar bindiga mai ruwan harsashi. Ran 10 ga Maris aka koma aka shafe Satiru daga doron ƙasa, aka kashe mutane wajen 2,000. Tsakanin waɗannan ranaku biyu, kusan wata guda, duk wani Bature daga Kwara zuwa Cadi ya kwana da ido ɗaya. Labarin ya bi turbobin fatake, ya kwana a zangunan Katsina da Daura da Kance, kuma babu shakka ya isa kasuwar Damagaram da ƙarin gishiri. Ba abin mamaki ba ne a ce an yi murna da shi a wasu zauruka. Shekara uku kacal ke nan da faɗuwar Kano da Sakkwato da kisan Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi, zancen bayyanar Mahadi yana bakin malamai da almajirai. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Mazauna barikin Cazemajou sun ji an sari maƙwabcinsu, ga shi suna kwana a gidan da ke ɗauke da sunan wanda aka sara a nan garin.

A wannan hali ne Ballama ya kawo maganarsa. Ballama sarauta ce ta bayin fada, mai riƙe da ita a lokacin kuwa ɗaya ne daga cikin babanni, wato bayin da aka dandaƙe don hidimar cikin gida. Kada a raina wannan matsayi. Tun zamanin Tanimu sarakunan Damagaram sun jingina da bayin sarki don su rage ƙarfin ƴan'uwansu, har wasu bayin suka fi ƴaƴan sarki iko da dukiya. Baba yana shiga inda namiji ba ya shiga, yana jin abin da waziri ba ya ji, kuma tun da ba shi da ɗan da zai gaje shi, ana ɗauka ba shi da kwaɗayin gadon sarauta. Wannan ya sa maganarsa ta yi nauyi a kunnen Nasara: ga na cikin ɗaka ya fito yana faɗa. Abin da aka gaya wa hafsoshin shi ne sarki da mutanensa sun shirya kashe Turawan Damagaram, suna tara mahaya, suna aike da saƙo ga sarakunan kudu. A ƙarshen watan Maris aka kama Ahmadu ɗan Bassa, aka kama Malam Yaro da Ali Diallo da wasu manyan fada. Ba a harba bindiga ko ɗaya a kan bariki ba, babu Baturen da ya ƙwarzane.

Aka buɗe bincike, aka yi ta kiran shaidu. A nan ya kamata a dakata a dubi yadda irin wannan bincike yake haihuwar abin da yake nema. Sarki yana tsare, kowa ya gani. Wanda aka kira ya san inda iska ta juya, ya san wanda zai kwana a fada gobe, ya san cewa in ya ce bai ji kome ba za a tambaye shi dalilin da ya sa shi kaɗai bai ji ba. Mai tambaya ba ya jin Hausa ko Barbarci sosai, tafintan da ya saba dogara da shi yana cikin waɗanda ake tuhuma, wanda ya maye gurbinsa kuwa ba shi da wata riba in tsohon ya fita. Shaida na goma yakan maimaita abin da ya ji na farko ya faɗa a kasuwa, mai rubutu kuma ya lissafa su shaidu goma. Taron mahaya a ƙofar fada, wanda aikin kowace sallah ne, ya zama shirin yaƙi. Manzo zuwa Kano, wanda sarakunan ƙasar Hausa ba su taɓa dainawa ba ko suna gaba da juna, ya zama ƙulla makirci. Ba a kuma bukaci alƙali ba. Wata doka ta 21 ga Nuwamba 1904 ta ba Gwamna Janar na Afirka ta Yamma ikon tsare duk ɗan ƙasa da ake ganin barazana ne har shekara 10, a kuma riƙe dukiyarsa, ba tare da shari'a ba. Takardu suka bi hanya zuwa wurin Gwamna William Ponty, suka wuce wurin Gwamna Janar Ernest Roume a Dakar, mutanen da ba su taɓa jin muryar ko ɗaya daga cikin shaidun ba. Aka kai sarki da abokan tuhumarsa Kodebuwa, ƙasar kurmi da ruwan sama, inda ba mai jin sunan Tanimu.

To, an yi makircin ko ba a yi ba? Masana sun rabu. André Salifou, ɗan Damagaram, wanda ya rubuta tarihin masarautar ya kuma yi nazari na musamman a kan Malam Yaro, ya ɗauke shi a matsayin yunƙuri na gaske da bai kai ga nasara ba. Daga wasan kwaikwayonsa ne Mahamane Bakabé ya shirya fim ɗin “Si les cavaliers” a 1982, kuma ta wannan hanya ɗan Bassa ya shiga sahun waɗanda ƴan makaranta ke lissafawa cikin masu turjiya ga mulkin mallaka. Camille Lefebvre, wadda ta sake tone takardun binciken ta buga nazarinta a 2017, ta faɗaɗa shi cikin littafinta na 2021, ta fi mai da hankali ga yadda rikicin cikin fada da tsoron ƴan mamaya suka sarƙe har suka haifi al'amarin. Akwai abin ban dariya mai ɗaci a nan. Mai kishin ƙasa yana bukatar makircin ya zama gaskiya don sarki ya zama gwarzo, kamar yadda kwamanda ya bukaci ya zama gaskiya don kamun ya zama daidai. Su biyun sun haɗu a kan gaskata Ballama.

Abin da hankali ya fi karɓa shi ne an yi magana, magana kuwa mai zafi. Sarkin da aka rage wa haraji da shari'a da bayi, aka mai da shi mai tara wa bariki gero da leburori, in bai yi gunaguni a cikin gidansa ba, to ba mutum ba ne. Mai yiwuwa an yi addu'o'i, an sha rubutu, an tambayi malamai ko lokaci ya yi. Amma tsakanin fatan Allah ya kawar da azzalumi da sa ranar yanka shi akwai tafiya mai nisa, kuma wannan tazarar ce annamimi yake share wa mai sauraronsa. Ko da ma an ce sarki ya yi niyya, shigar da Malam Yaro cikin lamarin tana da wuyar haɗiya. Mutumin da dukiyarsa ke bisa raƙuma tsakanin Damagaram da Tarabulus, wanda ya zuba jarinsa a kan zaman lafiyar Nasara tun ranar farko, shi ne na ƙarshe da zai so a kunna wa garin wuta. Laifinsa da ya tabbata shi ne kowa ya san shi, kowa yana ganin shigarsa da fitarsa, babu kuma ɓangaren da ya ɗauke shi nasa ɗungum.

Wanda ya ci riba a fili yake. Faransawa ba su naɗa sabon sarki ba. Suka soke sarautar, suka ɗora Ballama a kan birni, bawa a mazaunin ƴaƴan Tanimu. Ba su kaɗai suka yi wannan dabara ba: wajen 1908 Razdan Cargill ya ɗaukaka Ɗan Rimi Allah Bar Sarki, bawan fadar Kano, ya ba shi waziri don ya karya Sarki Abbas, sai dai a can abin bai daɗe ba aka warware shi. A Haɗeja kuwa zargi bai tsaya ga kamu ba. A watan Afrilu na 1906, ƴan makonni bayan kamun Damagaram, Lugard ya aika da runduna, aka kashe Sarki Muhammadu a cikin garinsa.

Ga ƙasar Kance da sauran garuruwan kudu, faɗuwar ɗan Bassa ta zo da abu biyu. Na farko, igiyar da ta ɗaure su da fadar Damagaram ta saki. Aka yayyanka ƙasar, sarakunan garuruwa suka koma sarakunan kanto, kowanne yana kallon kwamanda kai tsaye, kowanne kuma ya ga da idonsa cewa rawani yana iya faɗuwa da magana ɗaya in ta shiga kunnen da ya dace. Daga nan kai ƙarar ɗan'uwa bariki ya zama hanyar neman sarauta, takardun mulkin mallaka cike suke da irinta. Na biyu shi ne iyaka. Ran 29 ga Mayu 1906 Faransa da Ingila suka sa hannu a Landan kan layin da ya raba su, daga nan zuwa 1908 ayarin Tilho da O'Shee ya bi daji yana kafa alamomi 148 daga Kwara zuwa Cadi. Zangon Daura da Ɓaure, waɗanda suka daɗe a inuwar Damagaram, suka faɗa hannun Ingilishi, Kance da Magarya suka zauna hannun Faransa. Mutumin Matamaye da ke da ƴa aure a Daura, ko malami a Kano, ko abokin ciniki a Kazaure, bai sauya kome cikin al'adarsa ba, amma yanzu tafiyarsa ta zama tsallaka ƙasa. Abin da aka tuhumi sarki da shi, wato hulɗa da kudu, ya zama tuhumar da za a iya rataya wa kowane magidanci a yankin, duk ranar da maƙwabcinsa ya ga dama.

Ranar ta zo a fili bayan samun mulkin kai. Jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary, wadda ke da ƙarfi ƙwarai a jihar Damagaram, an haramta ta a 1959, da yawa daga cikin ƴaƴanta suka fake a Kano wurin abokansu na NEPU. Da mayaƙanta suka kutso ta kan iyakar kudu a watannin Satumba da Oktoba na 1964, gwamnatin Diori Hamani ta sa sarakuna da ƴan banga da talakawa farautarsu, aka ce kowa ya kai rahoton baƙon da ya gani. A garuruwan bakin iyaka, inda kusan kowane gida ke da ɗan'uwa a ƙetare, wanda aka taɓa gani da katin Sawaba, ko wanda ya cika zuwa Kano, ko wanda aka ga an kai wa tuwo da dare, ya shiga irin halin da Malam Yaro ya shiga. Klaas van Walraven, wanda ya bi tsofaffin ƴan Sawaba ya ji daga bakinsu, ya tattara labarin wannan zamani cikin littafinsa na 2013. Wannan karon mai sauraron yana jin Hausa sarai, bai bukaci tafinta ba, amma tsoronsa bai gaza na kwamandan 1906 ba.

Su kuwa mutanen 1906, kowa da inda ƙaddara ta kai shi. Ahmadu ɗan Bassa bai sake hawa gadon ubansa ba. Kasuwancin hamada da ya yi Malam Yaro ya durƙushe bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kaya suka koma bin teku, gyaɗa ta maye gurbin gashin jimina. A wannan shekarar ce aka mai da Damagaram babban birnin mulkin sojan Nijar, aka yi ta mulki daga barikin kan duwatsu har 1926 da aka koma Yamai. Ballama ya riƙe birni shekara goma sha wani abu, mutane suna yi masa biyayyar dole, ƴaƴan sarki suna jira. A farkon shekarun 1920 Faransawa suka sauke shi, suka ce ƙasar ba ta zama lafiya sai da jinin sarauta, a 1923 suka naɗa Barma Mustafa Sarkin Damagaram.